Kobalt Ɗin Kongo da Alhakin Manyan Kamfanoni: Tsame Hannu Ko Ɗaukar Nauyi?

A watan Janairu na 2016 ƙungiyar Amnesty International da wata ƙungiya ta 'yan Kongo mai suna Afrewatch suka fitar da wani rahoto da ya hana manyan kamfanonin waya da na motoci sakat. Aikin da suka yi na bin sawu ne. Sun bi buhun ma'adinin kobalt tun daga bakin rami a kudancin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, zuwa rumfunan saye na kasuwar Musompo da ke wajen garin Kolwezi, zuwa hannun kamfanin Congo Dongfang Mining, reshen kamfanin Huayou na ƙasar Sin, daga nan sai wurin masu ƙera kayan batir a Sin da Koriya ta Kudu. Ƙarshen sawun ya dire a ƙofar kamfanoni irin su Apple da Samsung da Sony da Microsoft da Volkswagen. A can tushen hanyar kuwa, yara ne ke tsintar dutse, suna wanki, suna dako, a kan dala ɗaya ko biyu a yini. Hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa a 2014 yara kimanin 40,000 ke aiki a wuraren haƙa na kudancin ƙasar. Kamfanoni 16 aka tuntuɓa, kuma babu ɗaya da ya kawo bayanin da za a iya tabbatar da asalin kobalt ɗinsa da shi.

Tun daga lokacin an yi dokoki, an kafa sassan kula da haƙƙin ɗan Adam a cikin kamfanoni, ana buga rahotanni duk shekara. Abin da wannan nazari ke son nunawa shi ne cewa mafi yawan wannan aiki ya tsaya ne a kan kare kamfani daga zargi, alhali kuwa abin da aka ce za a yi shi ne kare mai haƙa daga cuta. Abubuwan biyu sukan haɗu wani lokaci, amma sau da yawa hanyarsu daban take, kuma inda suka rabu nan ne ake gane gaskiyar niyya.

Daga rami zuwa matata

Kongo ce ke samar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya, daga lardunan Lualaba da Haut-Katanga. Mafi yawansa manyan ma'adinai ne ke fitar da shi tare da tagulla, irin su Tenke Fungurume da Kisanfu na kamfanin CMOC na Sin, da Kamoto da Mutanda na Glencore. Sai dai a wannan yanki dutsen yana kusa da doron ƙasa, yana kuma da ƙarfi, har mutum zai iya haƙo shi da guduma da kurfi. Da kamfanin gwamnati Gécamines ya durƙushe a shekarun 1990, dubban ma'aikatansa da 'ya'yansu suka koma haƙa da hannu, domin ba wata sana'a. Dokar ma'adinai ta 2002 ta buɗe wa kamfanonin waje ƙofa, filaye mafi albarka suka shige hannunsu, su kuwa ƙananan mahaƙa, waɗanda a can ake kira "creuseurs" da Faransanci, aka bar su suna raɓe-raɓe a gefe. A lokacin rahoton Amnesty an ƙiyasta yawansu tsakanin 110,000 da 150,000, suna fitar da kusan kashi 20 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sayarwa waje. Wannan kaso ba tsayayye ba ne. Farashi ya tashi, kamar a farkon 2018 da tan ɗaya ya haura dala 90,000, sai jama'a su yi tururuwa zuwa ramuka. Ya faɗi, su watse ko su koma kan tagulla.

Unguwar Kasulo da ke cikin Kolwezi ta isa misali. A 2014 aka gano dutsen a ƙarƙashin gidajen mutane, nan take aka shiga haƙa a tsakar gida, har a cikin ɗakunan kwana. Ramin kan yi faɗin da mutum ɗaya kawai zai shige. Mai haƙa ya ɗaura tocila a goshi, ya sauka yana dafa bango da ƙafa da hannu, wani lokaci fiye da mita 30 ɗin da doka ta yarda, sannan ya karkata ya bi jijiyar dutsen a durƙushe. Babu katakon tokara, babu safar hannu, babu abin rufe hanci. A sama abokansa na jan buhu da igiya, mata da yara su ɗauka zuwa rafi su wanke, su tsince. Binciken da Farfesa Célestin Banza na Jami'ar Lubumbashi da abokan aikinsa na Beljiyam suka buga a 2018 ya samu kobalt mai yawan gaske a fitsari da jinin mazauna Kasulo, musamman yara, ko da waɗanda ba su taɓa shiga rami ba.

Wurin sayarwa ne aka fi cutar mai haƙa. A rumfar saye akwai allo da aka rubuta farashi gwargwadon ƙarfin dutse, akwai sikeli, akwai kuma na'urar gwaji da mahaƙan ke kira Metorex. Sikelin na mai saye ne, na'urar tasa ce, shi ke karanta abin da ta nuna. Wanda ya kwana a rami ba shi da hanyar musantawa, kuma bashin abinci da na kayan aiki na jiransa, dole ya sallama. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Daga rumfa kaya su tafi masana'antar sarrafawa, a gauraya su da na wasu wurare, a mayar da su garin da ake lodawa zuwa tashoshin ruwa na Darussalam ko Durban. Mafi yawansa a Sin ake tace shi. Da zarar an gauraya, babu gwajin da zai nuna wane ɓangare ne yaro ya wanke. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta OECD ta tabbatar a wani rahoto na 2019 cewa kayan manyan ma'adinai da na ƙananan mahaƙa suna cakuɗuwa ta hanyoyi da dama, saboda haka duk kamfanin da ya ce nasa tsantsar na inji ne, sai an bi maganar da kyau.

Abin da ƙa'idoji suka ce, da giɓin da suka bari

Ginshiƙin tsarin da ake aiki da shi yau shi ne ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam, waɗanda Farfesa John Ruggie ya tsara, Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta amince da su a watan Yuni na 2011. Sun ɗora wa gwamnati nauyin karewa, kamfani nauyin mutuntawa, sannan suka ce wanda aka cuta yana da haƙƙin a share masa hawaye. A wannan shekarar OECD ta fitar da nata jagoran na ma'adinai mai matakai biyar: kamfani ya kafa tsari a cikin gida, ya gano inda haɗari yake a hanyar da kayansa ke bi, ya ɗauki mataki, ya sa wani na waje ya binciki matatun da yake hulɗa da su, ya kuma bayyana wa jama'a abin da ya yi.

Wannan ci gaba ne na gaske. Kafin 2011 kamfani na iya cewa shi dai ya sayi batir ne a Seoul, abin da ke faruwa a Kolwezi bai shafe shi ba. Yanzu ba mai iya faɗin haka a bainar jama'a.

Amma akwai wani rabe-rabe a cikin ƙa'idojin Ruggie da ba a cika kula da shi ba, kuma shi ne zuciyar matsalar. Sun bambanta kamfanin da ya jawo cutar da kansa, da wanda ya ba da gudummawa wajen aukuwarta, da wanda kawai kayansa ke da alaƙa da ita ta hanyar abokan ciniki. Na farko da na biyu ne ake bukatar su biya diyya ko su gyara ɓarna. Na uku an ce ya yi amfani da tasirinsa kawai. To kusan duk kamfanin waya ko na mota a rukuni na uku yake sanya kansa, domin tsakaninsa da rami akwai hannaye biyar ko shida. Wato mafi kuɗi a cikin masu cin moriyar kayan shi ne mafi ƙarancin nauyi a kansa.

Kotun Amurka ma a nan ta tsaya. A Disamban 2019 ƙungiyar International Rights Advocates ta shigar da ƙara a Washington a madadin iyalan yaran da suka mutu ko suka nakasa a ramuka, tana ƙarar Apple da Alphabet da Dell da Microsoft da Tesla. An kori ƙarar a Nuwamban 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a Maris na 2024. Hujjarta ita ce sayen kobalt a kasuwar duniya bai kai a ce mai saye ya yi tarayya a harkar aikin tilas ba. Ta fuskar lafazin doka hukuncin yana da madogara. Amma ya nuna cewa tsawon hanyar nan da yawan dillalanta, ko da ba da gangan aka yi su ba, sun zama garkuwa ga na can ƙarshe.

Gudu

Idan kamfani ya ga zargi na tafe, hanya mafi arha ita ce ya tsame hannu. An riga an ga sakamakon haka a gabashin Kongo. Sashe na 1502 na dokar Dodd-Frank ta Amurka ta 2010 ya wajabta wa kamfanoni bayyana ko kuza da tantalam da tungistan da zinaren da suke amfani da su sun fito daga wuraren yaƙi. Tun kafin a fara aiki da dokar masu saye suka ja da baya, Shugaba Joseph Kabila kuma ya hana haƙa a Kivu ta Arewa da Kivu ta Kudu da Maniema daga Satumban 2010 zuwa Maris na 2011. Dubban iyalai suka rasa abin yi dare ɗaya, masu bindiga kuwa suka karkata ga zinare, wanda ake iya fita da shi a aljihu. A 2024 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ba da rahoton cewa bai ga shaidar dokar ta rage tashin hankali a yankin ba.

Duk da wannan darasi, hanyar aka sake bi a kan kobalt. Apple ya dakatar da karɓar na ƙananan mahaƙa a 2017. Huayou ya sanar da makamancin haka a 2020. BMW ya koma sayen nasa daga Maroko da Ostareliya, sai ga shi a 2023 kafofin yaɗa labarai na Jamus sun fito da zargin gurɓata ruwa da gubar arsenik a mahaƙar Bou Azzer ta Marokon. Yaron Kolwezi dai bai bar rafi ba don wani kamfani ya daina saye. Abin da ya kai shi can yunwa ce da kuɗin makaranta, kuma suna nan. Abin da ya canza kawai shi ne mai saye ya zama wanda ba ya tambaya, farashi kuma ya ƙara faɗuwa tunda kayan sun zama na bayan fage. Ƙa'idojin Ruggie kansu sun yi gargaɗin cewa kafin kamfani ya yanke hulɗa, ya auna cutar da yankewar za ta jawo. Wannan sakin layi ne aka fi tsallakewa.

Komawa ga manyan ma'adinai ma ba ta wanke kowa ba. A Yunin 2019 bango ya rufta a ramin KOV na kamfanin Kamoto, mutum 43 daga cikin masu shiga haƙa ba da izini ba suka mutu, martanin gwamnati kuwa shi ne tura sojoji su kori sauran. A 2021 ƙungiyar RAID ta Birtaniya ta binciki manyan ma'adinai biyar, ta samu fiye da rabin ma'aikatansu ta hannun 'yan kwangila aka ɗauke su, da albashin da ba ya riƙe gida. A 2023 Amnesty da wata ƙungiya ta Kolwezi suka tattara shaidu kan yadda ake tayar da unguwanni da gonaki da ƙarfi domin faɗaɗa ramukan kamfanoni. Sai kuma cin hanci: a Mayun 2022 Glencore ya amsa laifin ba da rashawa a ƙasashe da dama, har da Kongo, a Disamba kuma ya yarda ya biya ƙasar dala miliyan 180. Kuɗin da rashawa ke cinyewa su ne na makarantar da ta kamata ta riƙe yaron nan. Amma saboda hoton yaro da buhu ya fi tayar da hankalin mai sayen waya a Turai, shi kaɗai ake sa wa ido.

Takarda ma tana iya yin ƙarya. Tsarin ITSCI na ɗaura wa buhu lamba tun daga rami shi ne aka fi dogaro da shi a kan kuza da koltan, wato dutsen da ake samun tantalam daga gare shi. A Afrilun 2022 ƙungiyar Global Witness ta zarge shi da halatta kayan da aka yi fasa-ƙwaurinsu ko aka haƙo a wuraren 'yan bindiga, zargin da masu tsarin suka musanta. A Afrilun 2024 'yan tawayen M23 suka kama Rubaya, babbar mahaƙar koltan a gabashin Kongo, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suka ba da rahoton cewa kayan na tsallakawa Ruwanda suna gauraya da na can. Raunin irin wannan bincike a fili yake: masu sana'ar ne ke biyan mai binciken, an san ranar zuwansa, kuma takardu yake dubawa fiye da ramuka.

Mutoshi

Akwai wurin da aka gwada zama maimakon gudu. A 2018 kamfanin Chemaf ya keɓe wani yanki na filinsa na Mutoshi, kusa da Kolwezi, ga ƙungiyar mahaƙa ta COMIAKOL, da goyon bayan kamfanin fatauci Trafigura da ƙungiyar Pact. Babban abin da aka yi mai sauƙin fahimta ne: aka kawo manyan injuna suka kwashe ƙasar sama, dutsen ya fito fili, bukatar shiga rami mai zurfi ta kau. Aka kewaye wurin, aka ba mahaƙa kusan 5,000 katin shaida da takalma da hular kwano, aka hana yara shiga. Aka kuma bar mata su yi haƙa, abin da camfi ya hana su a da, wai zuwansu na korar dutse. Tsawon gwajin ba a samu asarar rai ba. Binciken da wata masaniya, Dorothée Baumann-Pauly, ta wallafa a 2023 ya nuna cewa kuɗin da matan suka samu ya taimaka wajen mayar da 'ya'yansu makaranta. Wannan shi ne maganin aikin yara da ya fi ƙofa da mai gadi: uwa ta samu abin hannu.

Mutoshi ba aljanna ba ce. Mai saye ɗaya ne, mahaƙa sun yi ƙorafin farashi, faɗuwar kasuwa a 2019 ta rage samunsu. A 2020, da cutar korona ta zo, aka rufe shirin, ba a sake buɗe shi yadda yake ba. Masu binciken da suka koma bayan haka sun tarar ramuka masu zurfi sun dawo, mace-mace sun dawo, yara sun dawo. Ilimin yadda za a yi aikin yana nan, an gwada an gani. Abin da ya ɓace shi ne mai biyan kuɗin man injin. A ganina duk muhawarar ta tattaru ne a kan wannan tambaya: wa zai ɗauki kuɗin tsaron ran mai haƙa? Kobalt ɗin da ke cikin waya 'yan giram ne, na mota mai lantarki 'yan kilo. Ƙarin da za a yi wa farashinsa domin a biya irin wannan aiki ba zai girgiza kuɗin motar ba. Kamfanin da ke kashe kuɗi a kan masu bincike da buga rahoto mai sheƙi, amma ba zai ɗaure kansa da yarjejeniyar saye ta shekaru daga wuri irin Mutoshi ba, sunansa yake karewa.

Gwamnatin Kongo ma tana da nata laifin. A 2019 ta kafa kamfanin EGC a ƙarƙashin Gécamines domin ya zama shi kaɗai ke sayen kobalt ɗin ƙananan mahaƙa, amma ya shafe shekaru bai fara ciniki ba, saboda babu filin da za a tsugunar da mahaƙan. Wuraren da doka ta keɓe musu galibi ba su da dutsen kirki. Muddin mai haƙa ba shi da halattaccen fili, ɓarawo ne a idon doka, kuma ba wanda zai kawo inji ko asibiti inda aka ce sata ake yi. Wannan ba abin da kamfanin waya zai warware shi kaɗai ba ne, amma manyan masu riƙe da filayen abokan cinikinsa ne, kuma maganarsa tana da nauyi a wurinsu.

Ta ɓangaren dokoki, an yi gaba an dawo baya. Faransa ta yi dokar da ta wajabta wa kamfanoni sa ido a 2017, ta Jamus ta fara aiki a Janairun 2023, Tarayyar Turai ta zartar da tata a 2024. Ba a kai ga aiwatar da ita ba aka ɗage ta a 2025, aka shiga rage mata ƙarfi da sunan sauƙaƙa wa 'yan kasuwa. Sharuɗɗan bin diddigi na dokar batir ta Turai, waɗanda suka ambaci kobalt da litiyam da sunansu, an ɗage su daga 2025 zuwa 2027. Ma'aunin da ya kamata a auna kowace irin wannan doka da shi ɗaya ne: shin mahaifiyar da rami ya danne wa ɗa a Kolwezi tana da kotun da za ta saurare ta?

Maganar ba ta tsaya a Kongo ba. Batirin da ke neman kobalt shi ke neman litiyam, litiyam ɗin kuma an same shi a Nasarawa da wasu jihohin Najeriya. A Disamban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton ƙananan yara suna fasa dutse da tsince shi a ramukan da ba su da lasisi a ƙauyen Pasali na Nasarawa, dillalai na saye ba tambaya. Mutanen Zamfara kuwa ba sa bukatar a ba su labarin abin da haƙa ba tsari ke yi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, kuma babu wani mai sayen zinaren da aka tuhuma. Haramcin haƙa da gwamnatin tarayya ta sanya a jihar a 2019 bai rufe ramuka ba, ya dai mayar da su hannun masu ƙarfi.

Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta bar ikon ba da lasisi a hannun gwamnatin tarayya, kuma masana'antun sarrafa litiyam sun fara tashi a Nasarawa. Yanzu ne lokacin sharaɗi, tun harkar ba ta yi jijiya ba. A wajabta wa kowace masana'anta bayyana ramukan da take saye daga gare su, a keɓe wa ƙungiyoyin ƙananan mahaƙa filaye masu dutse na gaske, a sa sikeli da na'urar gwaji a hannun wanda ba mai saye ba, a kuma ɗora kuɗin kwashe ƙasar sama a kan masu fitar da kayan waje. 'Yan majalisar da ke wakiltar waɗannan yankuna da sarakunan da ramukan ke ƙasarsu su nemi a rubuta wannan a cikin lasisi kafin a sa hannu.